Baba Bai Taɓa Ganin Dusar Ƙanƙara Ba

Ƙarfe 11 na dare ya wuce, na dawo daga aiki ke nan ina cire takalmi, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanina ne daga Amurka. A wurinsu ƙarfe 6 na yamma ne, don a watan Janairu awa 5 ke tsakanin Kumasi da garin da yake zaune, wato Worcester, wanda mazaunansa ke kira Wusta. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya juya kyamarar wayar ya ce, "Yaya, duba ka gani."

Fili ne fari fat, fitilar kan titi na haska shi. A tsakiya ga wata 'yar ƙaramar tarakta, irin wadda mutanen can ke yanke ciyawar gida da ita, ko girman aboboya, babur mai kafa uku da ke dakon kaya a nan Kumasi, ba ta kai ba. An ɗaura mata faffaɗan ƙarfe a gaba kamar bakin shebur, don ture dusar ƙanƙara. Ya jingine wayar, ya hau, ya tayar, ya taka. Injin ya yi ta kuka, tayoyin baya suka yi ta juyawa, amma tarakta tana nan inda take kamar an kafe ta. A bayan kujera na hango bulon siminti biyu an ɗaure su da igiya.

Ya ce da uku ya fara. Da ya zo hawa wani ɗan tudu, gaban taraktar ya ɗaga sama, bulo ɗaya ya suɓuce ya faɗi kusa da ƙafarsa. Allah ne ya tsare.

Ba don nishaɗi ya sayi wannan tarakta ba. Ta hannu ce, kuɗin da ya tara na wata da watanni ya zuba a kanta. Ya yi magana da gidaje shida a unguwarsu cewa duk ranar da ƙanƙara ta sauka shi zai share musu hanyar fitar mota kafin gari ya waye. Daga wannan kuɗin yake so ya riƙa aiko na maganin Mama da na makarantar autarmu, saboda albashin aikin daren da yake yi haya da abinci ke cinye shi. Kuma Wusta ba garin wasa ba ne a wannan fanni. A ƙarshen Janairun 2015 an yi saukar da ta kai inci 34.5 a karo guda, wato ta kusa kai wa babban mutum ƙugu. In ka yi wa mutum alkawarin share masa hanya ka saɓa sau ɗaya, ba zai yi maka faɗa ba, wani kawai zai kira.

A daren nan da shebur ya share gidajen da hannu, har ƙarfe 2. Masu hasashen yanayi kuma sun ce wata na tafe nan da kwana huɗu.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ka tambayar mini Baba. Amma don Allah kada ka ce ni ne."

A nan sai na ɗan koma baya, don mai karatu ya gane dalilin wannan roƙo.

Mahaifinmu fita ne, kamar yadda ake kiran makanike a nan Gana, kuma tarakta ce sana'arsa. Tun yana yaro ya shiga Suame Magazine, wannan makekiyar unguwar garejoji da ke kan hanyar Offinso, har ga shi yau gemu ya yi fari. Sunan wurin ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka, wadda a kusa da ita masu gyaran mota suka fara taruwa a shekarun 1930, kuma ko da aka tashe su zuwa Suame sunan ya bi su. Mu dai "Magazin" muke cewa. A can za ka ji Tuwi da Hausa da Dagbanci da Farafara suna karo da juna a cikin ƙarar guduma. Manoman Ejura da Atebubu da Techiman, har da na Tamale, in tarakta ta gagare su a gida, nan suke kawo ta.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Ni tun da wuri aka gane hannuna ba na sifana ba ne, bakina ne ke aiki, na bi karatu har na ƙare a gidan rediyo. Baba bai damu ba, don yana da ƙanina. Shi ne ya shekara huɗu a ƙarƙashinsa yana koyo, shi ne Baba ke nuna wa abokansa yana cewa ga mai gadon rumfa. Saura 'yan watanni a yi masa bikin yaye, sai ya ci cacar bizar Amurka. Duk shirin da ya yi a ɓoye ya yi shi, bai faɗa wa Baba ba sai ana saura mako guda ya tashi. Baba bai yi faɗa ba, bai kuma hana shi ba. Ya sa masa albarka da baki, ya koma ƙarƙashin taraktar da yake gyarawa. Shekara shida ke nan, maganarsu ba ta wuce barka da Sallah da ya aiki.

Washegari bayan azahar na hau tirotiro zuwa Suame. Hunturu ne, hazo ya rufe gari, ƙurar Magazin ta haɗu da hayaƙin walda. Na tarar da Baba a bakin rumfa, yaransa sun buɗe cikin wata tsohuwar Massey Ferguson. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wani mai saurarenmu ne daga ƙasar waje ya aiko da tambaya, na ce bari in kawo wa masu abin."

Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karɓi wayar. Ya kalli bidiyon sau biyu. A karo na uku ya ce in tsayar masa a wurin bulon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai sauraren naka, wa ya koya masa wannan ƙullin igiyar?"

Ban ce komai ba.

Ya ce, "Ƙullin daidai ne. Wurin da ya ɗaura kayan ne ba daidai ba. Kira shi."

Na kira. Da fuskar ƙanina ta fito ya ga wanda ke riƙe da wayar, sai ya cire hular sanyin da ke kansa, ya ce, "Baba, ina wuni." Baba ya amsa a taƙaice, ya wuce kai tsaye ga aiki, kamar jiya suka rabu. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wannan ƙanƙarar taku, in an taka ta, nutsewa ake yi kamar a taɓo, ko zamewa ake yi kamar an taka kuɓewa?"

Ƙanina ya ce duka biyun. Ta sama laushi gare ta kamar garin rogo, amma inda taya ta murza ta, sai ta koma kamar gilashi.

Baba ya ce, "To cuta biyu ce, magani biyu za a nema. Injinka lafiyarsa ƙalau, na ji kukansa. Ba ƙarfi ta rasa ba, nauyi ta rasa."

Abin da ya bayyana a wannan rana na riƙe shi, daga baya kuma na bi na karanta na ga haka yake a littattafan masu ilimin injina. Taya ba ta iya tura abin hawa sai gwargwadon yadda aka danna ta a ƙasa. Kamar niƙa ne a kan dutse: komai saurin hannunki, in ba ki danna ɗan dutsen ba, gero ba zai zama gari ba. A kan busasshiyar kwalta, roba na iya turawa da kusan kashi 7 cikin 10 na nauyin da ke kanta. A kan daskararriyar ƙanƙara kuwa, abin yakan faɗo zuwa kusan kashi 1 cikin 10. Wato in kilo 200 ne ke kan tayoyin baya, turin da za su iya bai wuce na kilo 20 ba, komai yawan man da ka ba injin. Duk sauran ƙarfin a juyawar banza yake tafiya.

Sannan ga wannan ƙarfen turi da aka ɗaura a gaba. Baba ya ɗauki wani guntun ƙarfe ya ɗora a kan yatsansa, ya ce a ɗauka sikelin mahauta ne, tayoyin gaba su ne tsakiyar sikelin. Duk abin da ka rataya a gabansu, in ka ɗaga shi, bayan motar yake sauƙaƙawa. Ga shi kuwa tayoyin baya su ke tuƙi. Ka ƙara wa tarakta kaya, amma ka rage wa tayoyin da ke aiki nauyin da suke buƙata.

Ya nuna Massey Ferguson ɗin da ke gabansa ya ce tasu matsalar a juye take. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa da sunansa ke jikin motar, abin da ya yi suna da shi shi ne hanyar ɗaura garma a bayan tarakta ta wuri uku, yadda in garma ta shiga ƙasa, jan da take yi zai danna tayoyin baya. Da wannan dabara ƙaramar tarakta ta iya aikin babba, kamar samfurin da ya yi tare da Ford a 1939. Amma in direba ya ɗaga garma mai faifai uku zai juya a bakin gona, gaba ke yin sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. Shi ya sa Baba ya shekara da shekaru yana ƙera wa manoman Ejura abin rataya ƙarafa a hancin tarakta. Ƙarafan ma a nan Magazin ake samunsu. Tun da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi, wadda yau ake kira KNUST, ta buɗe cibiyar koyar da masu sana'a a Suame a 1980, narka ƙarfe ya yaɗu a unguwar. Ana sayen matattun injina daga hannun 'yan kondem, a narka, a zuba faifan injin niƙa da sauran abin da ake buƙata. Zubin ƙarfe mai girman gorar ruwa ta lita guda ya fi kilo 7.

Ya ce wa ƙanina, "Mu a gaba muke nema, kai a baya kake nema. Amma dokar ɗaya ce. Nauyi ƙasa ake sa shi, ba sama ba, kuma kusa da taya, ba nesa da ita ba. Kai ka ɗora bulo a saman kujera, can bayan taya, kamar mai goyo. In ka hau tudu dole ta nemi miƙewa tsaye. Mutum nawa tarakta ta kifa a kansu ta baya a gona? Ba ta ba ka lokacin da za ka yi salati."

Sai ya jera masa matakai uku, yana lissafawa da yatsu. Na farko, cikin taya. Na biyu, jikin rim. Na uku, jikin motar kanta, kuma wannan shi ne na ƙarshe, in na farko da na biyu ba su isa ba. Dalilinsa shi ne, abin da ke cikin taya ko jikin rim a ƙasa yake zaune kai tsaye, boris da giyabos ba su ɗauke shi ba. Wanda aka rataya a jikin mota kuwa, ta kan boris yake bi kafin ya isa ƙasa, kuma giyabos ɗin irin waɗannan ƙananan motoci ba a yi shi don dakon kaya ba. Ya ce, "In ka kashe giyabos don ka ci kuɗin gida shida, ka sayar da akuya ka sayi igiya."

Daga nan ya shiga bayanin matakin farko, da muryar da na san shi da ita in yana koyar da yara. A ɗaga tayar da jak, a juya ta bawul ya koma sama, a cire cikin bawul ɗin, a yi ta ɗura ruwa har sai ya kai bakin bawul. Wannan kusan kashi 3 cikin 4 ke nan na cikin tayar. Ragowar a bar wa iska, don ita ce ke shanye gargada, taya in ta cika da ruwa fal dutse ta zama. Ya ce haka suke yi wa manyan tayoyi tun kafin a haife mu.

A nan ne abin da ban taɓa gani ba ya faru. Ƙanina ya ce, a hankali, "Baba, a gafarce ni. Ruwa ba zai yi ba. Daskarewa zai yi."

Yaran rumfa suka daina buga abin da suke bugawa. Ban taɓa jin wani ya ce wa Baba "ba zai yi ba" a cikin rumfarsa ba.

Baba ya ce, "Har a cikin taya?"

"Har a cikin taya, Baba. In na manta gorar ruwa a mota, da safe dutse nake tararwa, wani lokaci ma ta fashe."

Gaskiyarsa ne. Ruwa na daskarewa a sifili, kuma in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Mutumin da duk rayuwarsa sanyin da ya sani shi ne na hunturun Kumasi, ba shi da hanyar da zai san wannan a jikinsa. Na zuba wa Baba ido ina jiran ya miƙo mini wayar ya tashi. Sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "To mutanen garin me suke zubawa? Ai ba kai ka fara noma a wurin ba. Je ka tambayo dattawansu, ka dawo ka faɗa mini. Ni ma ina so in sani."

Bayan Magariba ƙanina ya sake kira, wannan karon wayar Baba ya kira, ba tawa ba. Ina zaune a gefe ina ji. Ya je shagon gyaran taya a bayan gari, ya samo amsa uku. Manoman da can suna narka wani irin gishiri mai suna kalsiyam kulorayid a ruwa, yana hana daskarewa, yana kuma ƙara nauyi, amma in ya yoyo yana cin rim da tsatsa. Wasu yanzu suna zuba ruwan wani gwoza da ake yin sukari da shi, ba ya cin ƙarfe, sai dai tsada. Masu ƙaramin ƙarfi kuma ruwan wanke gilashin mota na lokacin sanyi suke saya galan-galan su ɗura, don an yi shi ne yadda ba zai daskare ba. Baba ya sa aka maimaita masa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan gwoza ya yi dariya, ya ce ashe akwai ƙasar da taya ke shan abin zaƙi. Ya zaɓar masa na ukun.

A kwana biyun da suka biyo baya, wayar ba ta huta ba. Kowace taya ta sha kusan lita 20. Ƙarfen jikin rim na kamfani ya yi wa ƙanina tsada, sai Baba ya tambaye shi ko babu 'yan kondem a garin. Ya ce babu irin namu, amma akwai masu sayar da tsofaffin faifan ɗaga nauyi na 'yan motsa jiki. Baba ya sa aka auna masa tsakanin ramukan rim da tef, ya zana yadda za a yi mariƙin a bayan takardar buhun siminti, da girman kowane noti, ni kuma na ɗauki hoto na aika. Faifai guda a kowane gefe, kusan kilo 20. Bulon siminti kuwa ya ce a kwance su a mayar inda aka ɗauko. Maganin cuta ta biyu, wato santsi, sarƙa ce a jikin taya, don nauyi na danna roba ne kawai, ƙarfe ne ke cizon ƙanƙara. Wannan ƙanina ya riga ya sani, ya ga maƙwabta na yi, amma ya bar Baba ya faɗa har ya gama.

Gargaɗi biyu ya rufe da su. Ya ce abin da ya yi nauyin tafiya ya yi nauyin tsayawa, saboda haka a gangara kada ya yarda da birki, ya sauka a hankali. Sannan in sanyi ya wuce ya koma yankan ciyawa, ya kwance faifan, don nauyin da ya taimake ka a ƙanƙara shi zai danne wa mutane ƙasar lambu. Ya ce, "Ba a barin kaya a kan jaki don gobe ma za a yi tafiya."

Ƙanƙarar ta sauka ranar da aka ce. Da hantsi bidiyo ya shigo. Na kai wa Baba har rumfa. Ga 'yar taraktar tana tafe, sarƙa na ƙara, dusa na naɗewa a gaban ƙarfen tana zubewa gefe, baƙar kwalta na fitowa a bayanta. Yaran rumfa suka taru suna sowa. Baba bai yi murmushi ba. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in sake kunnawa. Sannan ya ce, "Ka ce masa tayar hagu iskarta ta fi ta dama, ya rage. Kuma yana yawan taka ta a kwana."

Na ce, "Baba, ai kana da lambarsa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya laluba aljihu ya ciro wayarsa.

Ba zan ce komai ya warware ba. Har yau ba wanda ya tayar da maganar tafiyar nan ta shekara shida da suka wuce, rumfa kuma har yanzu ba ta da magaji, wannan na nan yana cin Baba, na sani. Ni da aikina magana ne, na yi shekaru ina neman kalmomin da zan haɗa su da su, ban samu ba. Abin da ya haɗa su tambaya ce da ɗayansu ya san rabin amsarta, ɗayan ya san rabi.

Yanzu in Disamba ta kama, kullum da safe kafin in fita sai Baba ya aiko autarmu ta ce in duba masa a waya, yau sanyin Wusta nawa ne, kuma ana sa ran ƙanƙara ko babu. In na ce akwai, sai ya ce a tuna wa yaron nan ya duba notin faifan kafin ya hau.